Ofishin shirya takardun ƙaura zuwa Amurka a Garwa: sun iya takarda, amma shawararsu ta ɗaukaka ƙara ba ta yi ba

Ofishin yana saman wani bene da bai yi nisa da babbar kasuwar Garwa ba, kuma allon da ke ƙofarsa na sanar da jama'a da Faransanci da Turanci cewa ana taimaka wa masu neman karatu, aiki da zama a ƙasashen waje. Na bar sunansa, domin akwai ire-irensa a Marwa da Ngaundare da Njamena, kuma abin da zan faɗa a kansa zai yi wa mai hulɗa da kowanne daga cikinsu amfani. Ni akanta ne, ina riƙe wa wasu 'yan kasuwa littattafan lissafinsu, kuma ta hannuna aka bi wajen haɗa takardun wani Alhaji mai sayar da famfunan ban ruwa masu aiki da hasken rana ga manoman albasa na wajen Marwa da na bakin Binuwai, tun daga shigar da buƙatarsa ta zama a Amurka har zuwa ranar da aka yi watsi da ƙarar da ya ɗaukaka. A aikin fassara da tsara takardu ofishin ya cancanci kuɗinsa. A wajen faɗa wa mutum gaskiyar matsayinsa a gaban dokar Amurka kuwa ya gaza, kuma gazawar ta fi fitowa fili a lokacin ɗaukaka ƙara.

Hanyar da suka ba Alhaji shawarar ya bi ita ce wadda ake kira EB-2, rukuni na biyu cikin rukunonin bizar zama ta dalilin aiki da dokar shige da fice ta 1990 ta tsara. Dokar ta ware biza 140,000 a kowace shekara ga masu shiga ta hanyar aiki, kuma kashi 28.6 cikin ɗari na wannan adadi na rukuni na biyu ne, wato wajen 40,000. Rukunin na da ƙofa biyu. Ta farko ta masu digiri na biyu ce, ko masu digiri na farko da suka ƙara da shekara 5 na aiki mai ci gaba a fanninsu. Ta biyu ta masu ƙwarewa ta musamman ce a kimiyya ko fasaha ko kasuwanci, kuma ƙa'idar ta ce ƙwarewar sai ta zarce wadda aka saba gani a fannin da tazara mai yawa. A bisa al'ada sai wani kamfanin Amurka ya nemi mutum da aiki, ya kuma samo shaidar ma'aikatar ƙwadago cewa babu ɗan ƙasa da ya dace da gurbin, amma ana iya yafe wannan sharaɗi idan aikin mutumin zai amfani ƙasar, sai ya shigar da buƙatarsa da kansa a fam mai lamba I-140. Wannan sassauci ne ke jan hankalin 'yan kasuwarmu, tun da ba ya buƙatar ubangida a can.

Alhaji yana da digirin lisans na shekara 3 irin na jami'o'inmu, kuma a nan dole in yaba wa ofishin, domin tun zaman farko sun gaya masa cewa hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, ta saba ɗaukar digirin farko a matsayin karatun shekara 4, saboda haka ƙofar farko ba lalle ta buɗe masa ba. Daga nan suka karkata zuwa ƙofa ta biyu, suka karanta masa sharuɗɗa shida da ake so mutum ya cika aƙalla uku daga cikinsu: takardar makaranta a fannin, wasiƙun waɗanda ya yi wa aiki masu nuna shekara 10 na cikakken aiki, lasisin sana'a, albashi ko kuɗin shiga mai nuna fifikonsa, zama ɗan ƙungiyar ƙwararru, da shaidar cewa abokan sana'a ko hukumomi sun yaba da gudummawar da ya bai wa fannin. Shugaban ofishin ya ƙirga da yatsunsa ya ce, "Alhaji, uku ake nema, kai kuwa biyar gare ka." Wannan magana ce ta sa aka biya kuɗi, kuma ita ce tushen duk abin da ya biyo baya.

Aikin da suka yi a kan takardu ba shi da makusa. Ƙa'idar Amurka ta ce duk takardar da ba da Turanci take ba sai an haɗa ta da cikakkiyar fassara, tare da shaidar mai fassarar cewa fassarar daidai ce kuma ya ƙware a harsunan biyu. Mutane da yawa a nan suna zaton hatimin kotu ko na ofishin magajin gari shi ne muhimmi, sai su fassara rabin takarda su bar rabi. Matashiyar da ke wannan aiki a ofishin ba ta bar ko layi ɗaya ba, har rubutun da ke cikin hatimi da abin da aka rubuta da biro a gefen takardar rajistar kasuwanci ta RCCM sai da ta fassara. Ta lura cewa sunan Alhaji a takardar haihuwa an rubuta shi da salon Faransanci, a wasu takardun cinikinsa na Mubi da Yola kuma da salon Najeriya, ta sa aka yi takardar rantsuwa mai bayyana cewa mutum ɗaya ne. An ɗinke dosiyen da lambar shafi da jerin abubuwan da ke ciki, yadda ko wanda bai san Kamaru ba zai iya gano kowace takarda cikin sauƙi. Hukumar ba ta yi ƙorafi a kan fassara ko sau ɗaya ba, ba a wasiƙar neman ƙarin hujja ba, ba a ta ƙin amincewa ba.

Kuɗin aikinsu na farko ya tasam ma sefa miliyan biyu, ban da kuɗin hukuma, wanda tun 1 ga Afrilun 2024 ya koma dala 715 na fam ɗin da ƙarin dala 300 ga mai shigar da buƙata da kansa. Sun ba da rasiɗi a kan kowane biya, kuma ba su taɓa haɗa nasu da na hukuma don ɓoye lissafi ba, abin da ba kowane ofishi ke yi ba.

Matsalar ta fara bayyana ne da wasiƙar neman ƙarin hujja ta iso. Jami'in da ya duba dosiyen ya bi sharuɗɗan nan biyar ɗaya bayan ɗaya ya amince da takardar makaranta kawai. Rajistar kasuwanci da fatanti, a wurinsa, izinin buɗe shago da shaidar biyan haraji ne, ba lasisin da ke nuna ƙwarewar mutum a sana'a ba. Katin zama ɗan majalisar 'yan kasuwa bai shiga lissafi ba, saboda ba a nuna cewa ƙungiyar ta gindaya sharaɗin ilimi ga mai shiga ba, alhali ƙa'idarsu na kallon ƙungiyar ƙwararru a matsayin ta masu sana'ar da sai da digiri ake shiga. Wasiƙar shekara 10 kuwa Alhaji ne ya rubuta wa kansa a kan takarda mai tambarin kamfaninsa, ba tare da wata shaida daga waje ba. Wasiƙun yabo kuwa daga manoma da dillalai suka fito, dukkansu suna cewa mutumin kirki ne mai cika alkawari, famfunansa ba sa lalacewa, abin da gaskiya ne, sai dai babu wadda ta nuna wani abu da ya kawo wanda ya canza yadda ake sana'ar gaba ɗaya. Duk wanda ya karanta hukunce-hukuncen da ofishin ɗaukaka ƙara na hukumar, AAO, ke wallafawa a shafinsa na intanet bayan an goge sunayen masu ƙara, zai tarar da waɗannan dalilai suna maimaituwa a shari'o'in 'yan kasuwa daga ƙasashe daban-daban. Kyauta ake karanta su, kuma ofishin da ke karɓar miliyoyi a kan wannan aiki ya kamata a ce ya san su kafin ya ƙirga biyar da yatsunsa.

Sharaɗin kuɗin shiga shi ne ya shafe ni kai tsaye, kuma zan tsaya a kansa domin kusan kowane ɗan kasuwarmu zai ci karo da shi. Ofishin ya so a nuna cewa Alhaji na samun kuɗi fiye da takwarorinsa, sai wani ma'aikacinsu ya kawo mini jadawalin ribar shekara uku ya ce in sa hannu in buga hatimi. Alƙaluman da ke ciki sun ninka waɗanda ke cikin bayanin haraji na shekara-shekara da ni da hannuna na miƙa wa ofishin haraji. Ya ce, "Malam, ai kowa ya san abin da ake kai wa haraji daban, abin da ke aljihu daban." Na ce masa ko da haka ne, takardu biyun za su kwana a dosiye ɗaya, kuma jami'in da ke can bai san al'adar kasuwar Garwa ba, abin da zai gani shi ne mutum ɗaya da lissafi biyu. Tun hukuncin da aka yi a shari'ar Ho a 1988 tsarinsu shi ne idan takardun mutum suka saɓa wa juna, shi ne zai warware saɓanin da hujja mai zaman kanta, kuma shakka a kan takarda ɗaya na iya shafar amincin sauran. Abin da ya fi wannan muni shi ne dokarsu ta haramta wa wanda aka kama da gangancin ƙarya a kan muhimmin abu shiga ƙasar har abada, sai in an yi masa afuwa ta musamman. Na ƙi sa hannu, Alhaji ya goyi bayana, shugaban ofishin kuma bai matsa ba, ya ce yaron ne ya yi azarɓaɓi. Na karɓi uzurin, amma ban manta cewa a kwamfutar ofishin aka buga jadawalin ba.

Ko da an cika sharuɗɗa uku, ba a gama ba, kuma wannan ma ba a bayyana wa Alhaji ba. Tun bayan hukuncin wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a shari'ar Kazarian a 2010, hukumar na yin dubawa biyu: ta fara ƙirga sharuɗɗan, sannan ta auna hujjojin gaba ɗaya ta ga ko da gaske mutumin ya zarce sauran abokan sana'arsa. Bayan wannan kuma sai a zo kan batun amfanin ƙasa, wanda ma'auninsa shi ne hukuncin Dhanasar na 27 ga Disamban 2016. Hukuncin ya kafa sharuɗɗa uku: aikin da mutum ke son yi ya kasance mai daraja kuma mai muhimmanci ga ƙasa, shi kansa ya kasance a matsayin da zai iya ciyar da aikin gaba, kuma idan aka auna komai ya zama yafe masa sharaɗin ubangida ya fi amfani ga Amurka. Shi Dhanasar ɗin, wanda aka yi hukuncin a kan buƙatarsa, injiniya ne mai bincike a kan injinan jiragen da ke gudun da ya ninka na sauti sau da yawa, kuma duk da haka an amince da bincikensa ne kawai, koyarwar da yake yi a jami'a aka ce amfaninta bai wuce ɗalibansa zuwa ga fannin baki ɗaya ba. Idan aikin malamin jami'a bai kai ba, sai a yi tunanin kamfanin mutum ɗaya irin wanda Alhaji ke son kafawa, da zai riƙa sayen famfuna a Teksas yana turowa Duwala. Tsarin kasuwancin da ofishin ya rubuta ya yi alkawarin ɗaukar ma'aikata da dama da samun riba mai hawa kowace shekara har shekara biyar, ba tare da kwangila ko ɗaya ba, ba tare da shaidar jarin da aka ajiye a wani bankin can ba, ba tare da bayanin inda alƙaluman suka fito ba. Da na tambayi wanda ya rubuta, sai ya ce haka ake yi wa kowa.

Da takardar ƙin amincewa ta zo, zaɓi uku ne a gaban Alhaji, ko ma huɗu idan aka haɗa da haƙura. Yana iya ɗaukaka ƙara zuwa AAO, yana iya roƙon jami'an da suka yanke hukuncin su sake buɗe shari'ar saboda sababbin hujjoji ko su sake dubawa saboda kuskuren doka, yana kuma iya jira ya shigar da sabuwar buƙata idan hujjojinsa sun yi ƙarfi. Ɗaukaka ƙara da roƙon sake dubawa duk a fam ɗaya ake yin su, I-290B, kuɗinsa dala 800, wato kusan jaka 500 na sefa, kuma wa'adinsa kwana 30 ne, ko 33 idan ta gidan waya aka aiko da hukuncin. Ranar da takardar ta isa hannun hukumar ake dubawa, ba ranar da aka aika ba. A kan wa'adi ofishin ya yi ƙoƙari matuƙa, domin sun kira Alhaji a ranar da labarin ya iso, kuma fam ɗin ya isa kafin lokaci ya ƙure. Sai dai ɗaukaka ƙara kaɗai suka ambata masa, suka kuma siffanta ta a matsayin dama ta biyu da za a ƙara takardu a gyara abin da ya ɓaci, suka karɓi wani kuɗin aiki a kai.

Ɗaukaka ƙara ba haka take aiki ba. Gaskiya ne AAO na duba shari'a daga tushe ba tare da jingina da ra'ayin jami'in farko ba, kuma ma'aunin hujja a wurinsu, kamar yadda hukuncin Chawathe na 2010 ya fayyace, shi ne maganar mutum ta fi kusa da gaskiya fiye da akasin haka. Amma akwai iyakoki da ba a tsallakewa. Dole ne mai ƙara ya nuna takamaiman kuskuren doka ko na fahimtar hujja da aka yi, in ba haka ba ana iya korar ƙarar nan take ba tare da an shiga cikinta ba. Dole ne cancanta ta kasance ta tabbata tun ranar da aka shigar da buƙata, ƙa'idar da ke nan tun hukuncin Katigbak na 1971, saboda haka katin wata ƙungiyar injiniyoyi da ofishin ya sa Alhaji ya yi rajista da ita ta intanet bayan an ƙi shi bai da wani tasiri. Hujjar da aka nema a wasiƙar neman ƙarin bayani aka kasa kawowa cikin makonni 12 da ake bayarwa a iyaka, galibi ba a karɓarta a karon farko a matakin ɗaukaka ƙara. Batun da mai ƙara bai taɓo a takardarsa ba kuwa ana ɗauka ya haƙura da shi. Takardar bayanin da ofishin ya shirya doguwa ce, Turancinta mai kyau, amma kashi mafi yawa maimaicin wasiƙar farko ne da yabon amfanin makamashin hasken rana ga duniya, alhali abin da ake aunawa shi ne aikin da shi Alhaji zai yi, ba muhimmancin fannin ba. Kamar mai kai ƙara gaban alƙali ne a kan iyakar gona, ya ɓuge da bayanin falalar noma.

Bayan wasu watanni hukuncin ya fito, shafuka kaɗan. AAO ta amince da jami'in farko cewa ba a cika sharuɗɗa uku ba, ta ce tun da wannan ya isa a kori ƙarar, ba ta da buƙatar shiga batun amfanin ƙasa. Wato rabin abin da aka biya kuɗi aka rubuta ba a ma yi hukunci a kansa ba.

Akwai kuma batun lauya. Tun farko an gaya wa Alhaji cewa ofishin na aiki da wani lauya a Amurka, kuma wannan na cikin abin da ya kwantar masa da hankali. A tsarin hukumar, wanda ke wakiltar mutum sai ya shigar da fam mai lamba G-28 da sa hannunsa da na wanda yake wakilta, kuma lauya mai lasisi a wata jihar Amurka ko wakilin da ma'aikatar shari'arsu ta amince da shi ne ke da wannan hurumi. Na duba kwafin dosiyen daga farko har ƙarshe ban ga wannan fam ba. Da na tambaya sai aka ce lauyan yana duba takardu ne kawai ta bayan fage. Wataƙila haka ne, amma a idon hukuma Alhaji shi kaɗai ya tsaya wa kansa, kuma babu wata ƙungiyar lauyoyi da zai kai wa kuka idan an yi masa sakaci. Duk wanda aka ce masa akwai lauya ya nemi sunansa da jihar da ta ba shi lasisi, domin ƙungiyoyin lauyoyin jihohin suna da rajistar da kowa ke iya dubawa a intanet.

Abu na ƙarshe da ban ji daɗinsa ba shi ne shirun da suka yi a kan abin da ke bayan amincewa. Ko da an amince da I-140, ba biza ba ce. Sai an jira layi ya zo bisa jadawalin da ma'aikatar harkokin wajen Amurka ke fitarwa kowane wata, sannan a yi gwajin lafiya da ganawa a ofishin jakadanci, wanda ga ɗan Kamaru a Yawunde yake. A ɗakin jira na sha haɗuwa da 'yan kasuwa daga Cadi, alhali tun 9 ga Yunin 2025 umarnin shugaba Trump ya dakatar da shigar 'yan ƙasashe 12 har da Cadi, abin da ya sa shugaba Mahamat Idriss Déby ya mayar da martani da dakatar da ba Amurkawa biza. A Janairun 2026 kuma aka sanar da dakatar da bayar da bizar zama ga 'yan ƙasashe 75, har da Kamaru da Najeriya. Irin waɗannan matakai suna canzawa, kamar yadda aka sa Cadi a jerin a 2017 aka cire ta a 2018, amma haƙƙin mai biyan kuɗi ne a gaya masa halin da ake ciki kafin ya zaro ko dala, kuma ban ga wata sanarwa a bangon ofishin ba.

Ga ɗalibi mai neman a fassara masa takardun makaranta, ko wanda ya riga ya ɗauki lauyansa a can yana buƙatar wanda zai tattara masa takardun Kamaru ya tsara su, ba ni da wata fargaba in tura shi wurinsu, domin ma'aikatan suna da ladabi, suna amsa waya, ana magana da su da Hausa da Fulatanci da Faransanci, kuma aikinsu na hannu mai tsabta ne. Ga ɗan kasuwar da ke son sanin ko ya cancanci EB-2, ko wanda aka ƙi yake tunanin ɗaukaka ƙara, ba zan tura shi ba sai in zai fara biyan lauya mai lasisi kuɗin ganawar awa ɗaya ta bidiyo ya karanta masa takardar ƙin amincewar. Bayan hukuncin AAO ofishin ya sake kiran Alhaji da tayin shigar da roƙon sake dubawa a kan wata dala 800 da rangwamen kuɗin aiki. Alhaji ya yi godiya ya ce a ba shi takardunsa, suka kuwa haɗa masa asalin kowace takarda da fassararta da kwafin dosiyen gaba ɗaya a filashi, ba tare da sun nemi ƙarin kuɗi ba.